Dalma a Garkar Gwaggo

Mun tashi daga Madawa bayan sallar asuba, ni da wani abokina malamin gona, bisa moto guda, wato babur. Gwaggona ce ta aiko daga wajen Karofane: jikarta ba lafiya, ciwon ciki da rama, likita ya ce dalma ce a jininta.

Hanyar Buza duk tsakuwa ce da ramuka. Mun tsaya tasha muka ci ƙosai, ya yi tsada, ga shi ƙanana kamar an auna da ido guda. Dariyarmu ta ƙarshe ke nan.

Da muka isa garkar Gwaggo, lambun da take shuka ganyen miya, raina ya ɓaci. Bara wasu baƙi sun zauna gefenta wata guda suna fasa tsofaffin batiran mota da na sola, suna narka dalmar, ruwan batirin kuma su tuttular a ƙasa. Damina ta kwaso dattin ta shigo da shi cikin yakuwa da salati. Nan yarinyar ke wasa, daga nan ake miya. Wanda ya ba su filin ɗan'uwanmu ne. Na same shi a inuwa yana shan shayi, ya ce mini ai ƙasa tana cinye komi. Na ce ya je ya faɗa wa yarinyar haka. Da abokina bai janye ni ba, da zumunci ya ƙare ranar.

Abokina ya ce dalma ba ta ruɓewa, sai dai a ɗaure ta don kada ta bi ruwa ko saiwa. Abin ɗaurin kuwa farar ƙasa ne, da garin gawayi, da ƙonannen ƙashi, da ruɓaɓɓen taki. Don haka muka wuce Keita neman farar ƙasa. A hanya na ga tuddan da mutane suka jera wa duwatsu da hannunsu don tare ruwa har itace ya dawo. Wasu sun ƙarar da ƙarfinsu suna rayar da ƙasa, wani ya kashe tamu yana kishingiɗe.

Washegari muka dawo da buhunan, muka kankare saman ƙasar inda ta fi baƙi, muka cuɗa sauran da haɗin, muka lulluɓe da kara. Gwaggo tana tsaye tana kallo. Ta tambayi abokina:

"Ɗana, yanzu dahin ya hita?"

"Bai hita ba, Inna. Ɗaure shi munka yi. Kada a ci ganyen nan sai an gwada ƙasar, yara kuma su bar wurin."

Sai Gwaggo ta nufi gefen garkar. Ta duƙa ta tuge sauran yakuwarta da kanta.

Mun iso Madawa da la'asar. Tafiyar ta koya mini cewa ɓarnar wata guda tana iya cin shekarun wanda bai ji ba bai gani ba. Daf da gari muka wuce amalanke shaƙe da tsofaffin batira, ta nufi wani ƙauye. Har yanzu ina tunanin garkar wa za ta tsaya.