Girman Sabar Alhaji: Daga Konni Zuwa Illela

Liman na sallame sallar asuba muka bar Konni, mu uku a tsohuwar motar shago: ni, da direba, da babban ɗan Alhaji. Ɗoki kamar ya kashe ni, don wannan ne aikina na farko tun da na gama karatun kwamfuta a Yamai. Alhaji yana sayar da injinan ban ruwa da kayan gyaransu, yana da rassa a Malbaza da Dogarawa da Illela. Ya sayi manhajar da za ta riƙe masa bayanan masu saye: wa ya ɗauki wane inji, yaushe zai buƙaci gyara, wa za a kira idan kaya sun iso. Nawa aikin shi ne in tsara sabar, wato babbar kwamfutar da bayanan za su zauna a ciki. Ranar Asabar ɗansa zai tafi Kano ya sayo ta, kuma Alhaji ya faɗa mini ƙarara cewa sau ɗaya zai saya. Idan ta yi kaɗan, ni da aikin mun rabu.

Ni dai na riga na gama lissafina. Manhajar da lambar salula take gane mutum, sai na duba lambobin da rassan suka aiko, na ga ba su taka kara sun karya ba, na zaɓi 'yar madaidaiciyar na'ura. Amma Alhaji ya ce sai na zagaya rassan da kaina tukuna. A ganina zagayen nan shan iska ne kawai.

Malbaza ta tarbe mu da manyan motocin siminti jere a bakin titi. Ɗan Alhaji ya so a ajiye sabar a can, wai ɗakin reshen ya fi faɗi. Na shafa teburin reshen da yatsa, na nuna masa, fari fat. Na ce wannan ƙura ko ɗan Adam da kyar yake sha, balle na'ura mai fanka. Muka tsayar da magana za a ajiye ta a babban shago na Konni, muka karya da kunu da ƙosai mai zafi. Direba ya ci nasa ya ci rabin nawa, yana ta ba ni labarin ciwon cikinsa.

A Dogarawa abin ya fara. Manoman albasa sun cika ƙofar shago, na zauna ina gwada shigar da su a ƙaramar kwamfutata. Na farko ya ba ni lamba, ta shiga. Na biyu ya karanto, manhajar ta ce ai wannan mutumin yana ciki. Na uku ma haka. Na ɗago kai na ce, "Baba, lambarka nake so, ba ta maƙwabcinka ba."

Dattijon ya yi dariya har da riƙe gemu. "Ɗana, wagga lamba ta gari ce. Salula guda gare mu, tana hannun mai shagon bakin masallaci. In an kira, shi ka aikowa a hwaɗa muna."

Ashe kowace lamba da na ƙirga mutum ɗaya, ƙauye guda ce a bayanta! Da an tafi a haka, manhajar za ta dunƙule gari sukutum ta mai da shi mutum ɗaya mai injina barkatai, sauran kuwa babu su.

Hanyar Illela bayan an sauka daga kwalta sai gargada, kaina na bugun rufin mota, amma ban ko ji ba. Ina ta zana sabon tsari a takarda kan gwiwata: kowane mai saye da lambarsa ta kansa daga shago, da sunan ƙauye, da sunan uba, sannan wanda ake kira a same shi. Mun tarar ranar kasuwa ce, farashin gero ya sauko, fura ta dala ashirin sai da ta gagare ni shanyewa. Reshen kuwa ba masaka tsinke. Nan ma labarin ɗaya ne, har akwai wanda ya ba ni lambar direban motar garinsu. Ina tambaya ina murna kamar wanda ya tsinci abu, ɗan Alhaji yana kallona yana cewa rana ta taɓa ni.

Da la'asar sakaliya muka shigo Konni, ban ko wanke fuska ba na wuce wurin Alhaji. Na ce masa na'urar da na zaɓa ba za ta ɗauki mutanensa ba, sai babba, da ta biyu da za ta riƙa ajiye kwafi. Na ba shi labarin salular gari. Sai ya juya ga ɗansa.

"Sayo mishi babbar. Da ya dawo ya ce min mutanena kaɗan ne, da yau ya aje aikin."

Ashe ya san komai, so yake ya ga ko zan gano da kaina. Tafiyar nan ta koya mini cewa ba a auna sabar daga kan kujerar buro, wato ofis, sai an je an zauna da waɗanda za a zuba a cikinta. Na isa gida da jar ƙasa har cikin kunne, aikina kuma yana hannuna.