Fil Ɗin Da Autata Ta Haɗiye

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ƙarar wani ɗan gwangwani da ya faɗo daga gaban madubina ba. Ƙarar ba ta isa ta firgita kaza ba, amma daga ita na shiga kwana uku na tashin hankalin da ban taɓa sanin irinsa ba.

Da hantsi ne, a gidanmu na Tumfure, ina shirin zuwa suna. A gwangwanin nan nake tara fil ɗin mayafi, irin masu ɗan kan roba. Tun ina budurwa, in zan daidaita mayafi sai in riƙe fil biyu ko uku a tsakanin leɓuna, ina zarowa ɗaya bayan ɗaya. Haka na taso na ga yayyena suna yi.

Na leƙa kicin ke nan in sauke tukunya, sai na ji ƙwal! Da na dawo na tarar da autata, 'yar shekara huɗu, a tsaye kan kujera, ta yafa mayafina har yana jan ƙasa, ta dafe wuya.

"Umma, ya wuce," in ji ta.

"Me ya wuce?"

"Fil ɗin. Irin naki nake yi, sai shaƙuwa ta zo."

Salatin da na saki shi ya fito da surukata daga ɗakinta. "Ke, sa mata yatsa ta amayar!" Wallahi har na ɗaga hannu. Allah ne kaɗai ya tuno min da zanen da malaminmu na sakandare ya taɓa yi a allo: hanya biyu a wuya, ɗaya ta iska, ɗaya ta abinci. Yarinya tana numfashi, tana magana, to ta hanyar abinci ya bi. In na dawo da shi sama, wa ya san inda tsinin zai soke?

"Dada, asibiti za mu," na ce.

"To ki tsaya in kaɗa mata karkashi, santsi ya tura shi."

Ban tsaya ba. Duk wanda ya san Tumfure ya san nisan shiga gari a keke mai ƙafa uku. Kowane rami muka faɗa, sai in ji kamar a cikina fil ɗin yake. Ita kuwa tambayata take ko an fasa zuwa sunan.

Sai bayan azahar hoton cikinta da aka ɗauka a asibiti ya fito. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ɗaga shi ga haske, ga wani ɗan siririn farin layi a ƙasan haƙarƙari. Ta bi min hanyar da biro. "Maman yarinya, kin ga ya sauka ta maƙoshi, ya shiga tumbi, har ya fice zuwa ƙaramin hanji. Da a tumbi muka same shi, da mun zura na'ura ta baki mun ɗauko. Yanzu sai jira."

Ta ce hanjin nan doguwar hanya ce a nannaɗe, yana matsawa yana saki, da haka yake tura abinci gaba. Sau da yawa in ya ji tsini yakan ja jiki, abin ya juya, kan robar ya shige gaba. "Amma in ciki ya ƙulle mata, ko zazzaɓi, ko amai, ko kika ga jini, to ya huda. Tiyata za mu shiga nan take."

Aka ba mu gado. Ni da nake toshe hanci in zan wanke fo, sai ga ni tsugune da tsinke ina tona kashin 'yata kamar mai neman zinare. Ran farko babu. Rana ta biyu bayan la'asar ta dafe cibiya ta ce, "Umma, cikina." Na ƙwala wa nas kira. Likita ta zo ta danna nan, ta danna can, yarinyar ta saki iska mai ƙara, ta tuntsire da dariya. Duk ɗakin aka yi dariya, ban da ni. Sabon hoto ya nuna fil ya gangara babban hanji. Na shimfiɗa sallaya a gefen gado, ban iya roƙon komai ba sai, "Ya Allah, kai ka halicci hanyar nan, ka fitar min da shi lafiya."

Rana ta uku da safe tsinkena ya taɓa wani abu mai tauri. Ɗan kan roba, shuɗi. Na yi kuka har Dada, wadda ta kawo mana kunu, ta ce, "Oh ni, yau na ga mai kuka a kan kashi."

Tun daga nan in na ga loma ta wuce wuyan yaro, sai in tuna tafiyar da ke gabanta a cikin duhu, ba hannun uwa, sai kiyayewar Ubangiji. Na kuma gane cewa yaro abin da ya ga kana yi shi yake ɗauka. Na ɗauka darasin ya zauna min. Amma bayan wata biyu, ina gaban madubi ina sauri, ban ma san lokacin da fil ya hau leɓena ba. Sai na ji an ja min zane. Auta ce, ta miƙo tafin hannu, fuska ba wasa.

"Umma, tofo shi nan. Ke in kika haɗiye, wa zai duba miki fo?"