Ƙwan Kwaɗo Daga Ikko Zuwa Garki

Ranar da zan tafi Abuja, tun kafin ladan ya yi kiran farko na riga na yi wanka na ɗaura ɗankwali. Maigida ya ce ko mai zuwa Makka ba ta yi ɗokin da nake yi ba. Na ce ya ƙyale ni, ƙanwata ce ba lafiya, kuma ni kaɗai ke da maganinta.

Lokacin nan ne gwamnati ke kwashe komatsanta daga Ikko tana komawa sabon birni. Ma'aikatar da Bashir mijin ƙanwata Rabi yake aiki tana cikin waɗanda suka tashi, aka ba su gida a Garki. Ba su daɗe da tarewa ba laulayin ciki ya kama Rabi, irin mai wuyar nan, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Wani abokin aikin Bashir da ya zo Ikko ya kawo min sallahu: likita ya ce in ta ƙara kwanaki ba ta riƙe abinci ba, kwantar da ita za a yi, kuma ana jin tsoron cikin. An yi juyin duniya ta faɗi abin da ranta ke so, ta ce ita ƙwan kwaɗon Yaya Asabe kawai take marmari.

Kada wani ya tofar da yawu. Wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe, ba su kai riɗi girma ba. Wata Ba'indiya maƙwabciyarmu ce ta koya min su, ita ce kuma ke sayo min a kantin mutanensu. Ta sha faɗa min sunansu da yarensu, harshena ya ƙi ɗauka. In ka zuba ƙaramin cokali ɗaya a kofin ruwa mai ɗan ɗumi ka juya, kafin ka idar da sallar nafila kowace ƙwaya ta kumbura ta yi farar riga mai santsi, ga baƙin ido a tsakiya. 'Ya'yana ne suka raɗa musu ƙwan kwaɗo, sunan ya bi su. Ita Ba'indiyar tana zuba su a madara mai sanyi da ruwan wardi. Ni kuwa babu inda ban tura su ba: zoɓo, kunun aya, kindirmo da yankakkiyar gwanda. Na ƙulle rabin mudu a ƙyalle, na cusa a buhun tsaraba tare da busasshen kifi da daddawa.

Daga Ikko zuwa Okene

A tasha na sami fijo wagon mai zuwa Abuja. Direban wani Malam Sule ne, Bazazzage, dogo, goro ba ya barin bakinsa. Na ce masa buhuna a gefen ƙafata zai zauna. Ya ce, “Hajiya, in kuɗi ne a ciki ki faɗa min in san irin gudun da zan yi.” Na ce ya fi kuɗi.

Muka kama hanya gari na wayewa. Ibadan muka karya da ƙosai da burodi, muka miƙa ta Akure. Ni dai idona na kan hanya, duk tirelar da muka wuce sai in ga kujeru da kabad-kabad na ofis an ɗaure da igiya, duk sun nufi inda muka nufa. Har wata fankar tsaye na gani tana juyawa ita kaɗai a bayan mota saboda iska. Daɗi ya kama ni, na ce ashe ni ma ina cikin masu ƙaurar.

Kafin Okene muka tarar da shingen 'yan sanda. Aka sauke kaya. Wani kurtu ya kwance ƙullina, ya ɗebi kaɗan a tafin hannu, ya kira babbansu. Shi babban ya ɗan iya Hausa. Ya ce, “Madam, wannan mene ne?”

Na ce, “Abin sha ne, oga.”

“Mene sunansa?”

In ce masa ƙwan kwaɗo? Sai na ce a miƙo min murfin kwano da ruwa. Na barbaɗa kaɗan, muka tsaya mu duka muna kallo, har fasinjojin wata motar suka matso. Da ƙwayoyin suka fara fitar da farin ido sai kurtun ya ja da baya yana salati irin na addininsu. Na ɗebo da yatsa na lashe. Babban ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce mu tafi. Cikin hanzarin mayar da kaya, Malam Sule ya ɗora buhuna a saman mota ya ja tamfol ya rufe, ni kuwa ina can ina ta ba fasinjoji labarin yadda ake haɗa shi da kunun aya.

Lokoja

Ƙarshen damina ne, muna cewa ruwa ya ɗauke. Muna gangarawa Lokoja hadari ya taso daga wajen kogi, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Malam Sule ya ce ba zai haye gada a haka ba, sai mu kwana. Mu mata muka sami ɗaki a gidan wata mai tuwo kusa da tasha, ta shimfiɗa mana tabarmi, ta ba mu tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifin Kwara. Na ci na suɗe kwano, ban san abin da ke faruwa a saman mota ba.

Da asuba aka yaye tamfol, ashe a huje yake daidai kan buhuna. Na zura hannu na ji wani abu luguf, mai sanyi. Ƙullin nan da bai fi dunƙulen hannu biyu ba ya kumbura ya yage ƙyallen, ya malale cikin kifi da daddawa, ya zama wani curi mai yauƙi da ƙarni. Babu ƙwaya ɗaya da za a iya kai wa mai lafiya, balle mai laulayi.

Na zauna a kan dutse na fashe da kuka, ban ji kunyar kowa ba. Malam Sule ya tuɓe hula ya ce, “Hajiya, laifina ne. A Abuja ba a samu?” Na ce garin da ko kasuwar kirki ba a gama ginawa ba, ina zan ga kantin Indiyawa? Muka haye gadar Kwara ban ko leƙa ruwan ba, alhali tun daga gida nake ɗokin ganinsa.

Kwali

Mun wuce Kotonkarfe, mun wuce Abaji inda masu doya suka yi ta bubbuga mana gilashi. Da hantsi, dab da Kwali, tayar baya ta yi faci. Muka fito muka fake a inuwar wata rumfa da aka jera tukwane da tuluna da randuna, jajaye da baƙaƙe, masu zanen kada da kifi. Mai su wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, ana ce mata Mama Kande, hannunta duk yumɓu.

Na roƙe ta ruwa in wanke buhuna, ko kifin zai tsira. Ta kawo min a ƙwarya, ta tsuguna tana kallon abin da nake kankarewa. Sai ta sa yatsa ta lakato.

Ta ce, “Hajiya, wannan abu na ido ne. Wane ne ido ya yi ciwo da yawa haka?”

Na ce ba na ido ba ne, daga ƙasar Indiya ake kawo shi.

Ta ce, “Indiya ina? Ɗoɗɗoya ne. Idan ƙasa ya shiga ido na yaro, ka sa guda ɗaya, shi zai kumbura ya kwaso datti ya fito. Yana nan baya na gida, ya yi yawa, akuya ma ba ya ci.”

Na ce, “Mama, ɗoɗɗoya dai da na sani? Ta korar sauro?”

“To wane kuma?”

Wallahi ban yarda ba, amma ƙafata ta riga ni tashi. Muka zagaya bayan rumfa, kusa da ramin da take gasa tukwane. Ga ta nan jingim, mai ƙananan ganye, kawunanta sun bushe sun yi ruwan ƙasa. Mama Kande ta zage kai ɗaya, ta murtsuke a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin. Ƙwayoyi baƙaƙe suka rage, sun ɗan fi nawa ƙanƙanta. Na ce a kawo ruwa. Muka zuba a wani ɗan kasko sabo, na durƙusa a kansa ina jira. Shiru. Na ce na shiga uku, ba shi ba ne. Ta ce, “Yi haƙuri mana, ruwa na randa yana da sanyi.” Can sai na ga ɗaya ta yi fari-fari a gefe, sai ta kusa da ita, sai kaskon gaba ɗaya ya buɗe ido yana kallona.

Na rangaɗa guɗa! Malam Sule ya yar da sifana ya sheƙo a guje, ya zaci maciji ne. Shekara da shekaru ina lallaɓar Ba'indiya ta sayo min abin da nake tsallakewa a bayan kowane gida tun ina yarinya. Na rungume Mama Kande, yumɓunta ya ɓata min mayafi, ban damu ba.

Fasinjoji mata suka shigo aikin. Masu zagewa na yi, masu murtsukewa na yi, Mama Kande na sheƙewa a faifai. Kafin a gama faci mun tara abin da ya kusa cika gwangwanin madara. Wata Bafillatana mai nono ta zo wucewa, na tsayar da ita, na dama kindirmo da sukari a ƙwarya, na juye wanda ya jiƙa a kaskon a ciki, na miƙa wa Mama Kande.

Ta ja baya ta ce, “Abu na ido ne zan sha? Ba zai kumbura a ciki na ba?”

Na ce, “Ai shi ya sa ake jiƙa shi tukuna, ya gama kumburarsa a waje. Busasshe ne ba a haɗiya, yara ma sai an lura da su.”

Ta kurɓa kaɗan tana yamutsa fuska. Ta tauna, ta ji ɗan ƙas-ƙas ɗin nan na tsakiya. Sai ta kafa kai, ba ta sauke ƙwaryar ba sai da ta ga gindinta. Ta goge baki ta ce tun kakanninta suna zaune da abin nan babu wanda ya gaya musu. Ta ba ni ɗan tulu ta ce in kai wa mai ciki, ruwa ya riƙa yi mata sanyi.

Gwagwalada, Zuba, Garki

Daga nan ban ƙara rufe baki ba. A Gwagwalada muka sauke mutum biyu, muka yi azahar. Malam Sule ya bi da mu ta Zuba don yana da saƙo, ni kuwa na faɗa kasuwar 'ya'yan itace na zaɓo gwanda mai jan ciki da ayaba. Sai ga Abuja: titi fetal, fitilu a jere, gine-gine wasu an gama wasu ƙarafa ne a tsaye, ga duwatsu ta ko'ina. Gidajen Garki kuwa duk kamarsu ɗaya, sai da muka zagaya layi-layi muna tambaya kafin wani maigadi ya gane gidan mutanen da suka zo daga Ikko masu mara lafiya.

Bashir ya buɗe ƙofa, ya ce, “Yaya, sannu da hanya, Allah ya kawo ki.” Na shiga wurin Rabi. Tana kwance a kan katifa a ƙasa, wuyanta ya zama siriri, leɓenta ya bushe. Ban tsaya gaisuwa mai tsawo ba, na shige kicin. Na tankaɗe ƙwayoyin sau biyu don tsakuwa, na jiƙa cokali ɗaya a ruwa mai ɗumi, na juya don kada su dunƙule. Na tafasa madara na bar ta ta huce, na tsoma kwanon cikin ruwan sanyi, sukari kaɗan. Ruwan wardi babu, ban kuma gaya mata abin da ya faru a hanya ba. Tsorona ɗaya, kada ta ji ba irin na da ba ne ta ture.

Na tallafo kanta na kai mata kofi. Ta shinshina, ta tsaya. Ta sake shinshinawa.

Ta ce, “Yaya, wannan ba na Ba'indiya ba ne.”

Na ce, “Sha dai, Rabi.”

Ta ce, “Ƙamshin ɗakin Inna yake yi. Kin tuna ganyen da take ratayewa a bakin gado da damina?”

Innarmu ta rasu Rabi ba ta gama firamare ba, ban zaci ta riƙe komai na ɗakin nan ba. Hawaye na bin kuncinta ta kurɓa, ta huta, ta sake kurɓa, har ta shanye. Ni da Bashir muka zuba mata ido, shi yana riƙe da roba a shirye. Aka kira la'asar, ba ta yi amai ba. Muka yi sallah muka dawo, tana nan kwance lafiya. Sai ta ɗago ta ce, “Akwai saura? Ki yanka min gwanda a ciki.” Bashir ya ajiye robar ya fita waje, na ji shi yana fyace hanci.

Komawa gida

Ban bar Garki ba sai da na ga Rabi ta cinye malmalar tuwo da miyar kuka, ta kuma koyi jiƙa abinta da kanta. Na dawo Ikko a motar safe, na sauka lafiya, na tarar da maigida da yara ƙalau. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Sule, na gode wa Mama Kande, wadda ban sake gani ba.

Bayan wasu watanni ina tsakar gida ina wanki, wani ɗan aike ya yi sallama daga Abuja. Ya ce Rabi ta sauka lafiya, mace, an sa mata sunan Inna.