Zaren Fatsa a Ramin Fulogi

A Yelwa, in ka ji mota ta wuce da rugugi kamar tana fushi da titi, to hannun Haliru ya taɓa injinta. Mai Taimin ake ce masa a tasha, har wasu sun manta sunansa na yanka. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan kasuwar kifi, inda warin baƙin mai da ƙarni suka daɗe da ƙulla zumunci.

Abin mamaki, Haliru ɗan masunta ne gaba da baya, haifaffen wani ƙauyen bakin ruwa a ƙasar Ngaski. Yana yaro jirgi ya kife da shi, da ƙyar aka tsamo shi, tun daga ranar ya raba gari da ruwa. Ubansa ya yi lallashi, ya yi faɗa, a banza. Har tsohon ya rasu yana cewa ɗa guda gare shi, wato Salisu, wan Haliru. Wannan magana ta zauna masa a zuciya, bai taɓa buɗe baki ya gaya wa kowa ba.

Da ya gudo Yelwa sai ya faɗa kanikanci, Allah kuma ya sa masa albarka. Direbobin da ke kai ɗanyen kifi Sakkwato tsere suke yi da rana kafin ƙanƙara ta narke, don haka inji mai zafi suke nema. Haliru yakan kai kan inji a shafe shi a rage masa kauri don ƙarin ƙarfi. To, da zarar an yi haka, alamar saiti da kamfani ya sa a jikin inji ta daina faɗin gaskiya. Dole bakanike ya nemo da kansa inda fistin ke kaiwa ƙarshen hawansa, ya daidaita shi da juyin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul tana rufewa. Wannan daidaitawar ita ce taimin. In aka kauce kaɗan, mota ta zama jaki. In aka kauce da yawa, fistin ya doki bawul, inji ya tashi aiki.

Sai ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye, domin ya san 'yan tasha: ranar da suka ji Mai Taimin ba ya gani sosai, ranar rumfarsa za ta zama wurin kwanan awaki. Shi kuwa ban da wannan sana'a ba shi da komai, tsoro ya cika shi ƙwarai.

Ana nan wani direba, Hafizu, ya kawo motarsa a shafe mata kan inji. Haliru ya haɗa komai da lalube, har ya zo kan taimin. Ya zura siririn ƙarfe a ramin fulogi kamar kullum don ya ga hawan fistin, amma bai ga komai ba sai hazo. Yana tsugune, hancinsa ya kusa taɓa inji, Salisu ya shigo, ya kawo kifi kasuwa ya biyo su gaisa. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙanensa.

"Haliru, idon nan naka ya tahi, ko?"

Haliru ya ce, "Yaya, rufa min asiri."

Salisu, wanda ya shekara da shekaru yana kiransa matsoracin ruwa, bai yi dariya ba. Ya tambayi abin da ake nema a ramin, aka yi masa bayani. Sai ya laluba aljihu ya ciro zaren fatsa da 'yar dalma a bakinsa.

"Mu da muka kamun kihi ƙarƙashin ruwa, da ido muka ganinai? Riƙe awa yadda Baba ya gwada muna."

Haliru ya zura dalmar ta zauna kan fistin, ya naɗe zaren a yatsa. Salisu ya kama sifana yana juya injin sannu a hankali. Zaren ya yi ta saki, Haliru na tattarawa, sai ya tsaya cik. Can ya ji an ɗan ja shi ƙasa, kamar ƙaramin kifi ya taɓa ƙugiya.

"Tsaya! Koma baya kaɗan. Nan na!"

Haliru ya buga alamar da farce zai iya ji, ya ɗora yatsu kan bawul yana sauraron motsinsu, ya gyara zaman kamshaf, ya ɗaure bel.

Da la'asar Hafizu ya zo ya murɗa makulli. Injin ya tashi da bugu ɗaya, kwanon rumfar har rawa yake yi. Ya zaga gari ya dawo baki har kunne.

"Wallahi Baba Haliru, idonka har yau ras yake!"

Ya ja motarsa ya tafi. Da ƙurar motar ta lafa, Haliru ya miƙa wa wansa zaren. Salisu ya mayar masa da shi cikin tafin hannu, ya danne yatsunsa a kai.

"Aje shi, naka na. Da Baba ya ga yadda ka ji jan nan, da ya ce ɗiya biyu gare shi."

Haliru ya juya ya shiga goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa bai waiwayo ba.