Ranar da Kailu Ya Hana Hayaƙi Tashi

Duk wanda ya zauna Filingue a shekarun da Nasara suka miƙa mulki ya san Kailu mai gadin filin jirgi. Filin jirgin ma suna ne kawai: wani dogon fage ne a bayan gari da aka cire wa duwatsu da kututture. Amma ka ce masa fage a gaban Kailu, ka ga ɓacin rai! Aikinsa uku ne. Ya kori awaki, ya cike ramuka, in kuma ya ji kukan jirgi ya hura wuta da kashin shanu da guntun taya, don matuƙi ya ga inda iska ta dosa. Hayaƙin Kailu yana nufin ƙasa lafiya lau, a sauko. In babu hayaƙi, babu sauka.

Jirgin na wani ƙaramin kamfani ne mai kai wasiƙu da ma'aikata daga Yamai zuwa garuruwan daji. Matuƙansa duk Nasara ne, kuma bayan 'yancin kai suka shiga naɗe tabarma ɗaya bayan ɗaya. Kamfani ya bi lakwal-lakwal, wato makarantun boko, neman 'yan ƙasa, ya ɗauki Alhassan, ɗan farin Kailu. Gari ya cika da barka, shi kuwa uban bai yi murna ba. Da idonsa ya taɓa ganin tayar jirgi ta faɗa ramin dila, jirgin ya kifa da baki, aka ciro matuƙin ba ya motsi. Tun daga ranar, rami ko na ɓera ne Kailu ba ya wuce shi.

Aka yi shekaru, sai fari ya zo. Damina ta yi rowa, ta sake yi, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Makiyaya da suka rasa dabbobinsu suka yi sansani a gefen gari. Cikin haka wasiƙar Alhassan ta iso, akawun gidan waya ya karanta wa Kailu: "Baba, da mu matuƙa tara ne, yanzu saura uku. Duk wanda hannunsa ya faɗa, manyan kamfanoni su ɗauke shi. An ba ni jirgi ni kaɗai, abin da a da sai mutum ya shekara biyar a gefen wani."

Akawu ya ce, "Kai, madalla! Ɗanka ya zama babba."

Kailu ya ce, "Ba girma ba ne, rashin mutane ne." Ya karɓi takardarsa ya tafi.

Ba a jima ba kwamandan gari ya kira shi. Ran Alhamis da hantsi jirgi zai kawo garin madara da magani don yaran sansani, kuma Alhassan ne zai tuƙo. Karon farko ke nan da zai sauka a garinsu. Kwana uku Kailu yana zagaya filin, yana tsince ko tsakuwa. Ƙasa sumul, ba rami ko ɗaya.

Ran Alhamis da safe, mutane sun fara taruwa da ƙorai, sai ga matarsa Kubura tana haki. Ita da ba ta taɓa biyo shi wurin aiki ba!

"Malam, kada ka hura wutar nan."

"Me ya faru?"

Ta durƙusa. Ashe duk Juma'a, in ya tafi masallaci, ita da wasu mata sukan shigo filin su tone gidajen tururuwa, su kwashe 'ya'yan ciyawar da tururuwa ta tara, su yi kunu. Ko'ina a daji an riga an tone, nan ne kaɗai ya rage don kowa na tsoron sandar Kailu. In sun gama sai su cike ramin da yashi, su share da tsintsiya. "Na ɗauka yashi ma ƙasa ce," in ji ta. "Sai yau da safe na ga jakin mai ruwa ya taka ɗaya, ya nutse har gwiwa. Yaron nan, Malam! Yaron nan!"

"Ramuka nawa?"

"Ban ƙirga ba."

Kailu ya so ya yi faɗa, amma da wane baki? Kunun nan shi ma ya sha, wata biyu, bai taɓa tambayar daga ina ba. Ya ruga tsakiyar fili ya caka sandarsa inda ta nuna. Sanda ta shige har mariƙi. Ya matsa gaba ya caka, ta sake shigewa. Innalillahi! A daidai nan kukan jirgi ya taso daga kudu.

Jama'a ta ɗauki guɗa. Kwamanda ya daka masa tsawa, "Kailu, wuta!" Kailu ya ce akwai ramuka, amma wa ke jin kira a cikin wannan hayaniya? Wani dogarin kwamanda ya ƙyasta ashana ya jefa a tarin kashin shanu da taya, baƙin hayaƙi ya fara murɗawa sama. Kailu ya dawo a guje, ya tuɓe rigarsa ya danne wutar, yana tura ƙasa da hannu, tafinsa na ƙuna bai ji ba. Kubura ta fizge tulun mai ruwa ta juye.

Amma jirgin ya riga ya sunkuyo. Ya ga hayaƙi! Kailu ya koma tsakiyar filin, tsoho ba riga, ya ɗaga hannuwa biyu ya tsaya. Yana ganin tayoyin suna girma. Ya rufe ido ya kwarara sunan da kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinsa ya faɗa ba: "Alhassan!"

Iska ta buga shi ƙasa. Da ya buɗe ido, jirgin ya wuce ta kansa yana hawa sama. Ya zagaya gari sau biyu, ya juya Yamai da madarar a cikinsa.

Wane irin zagi ne Kailu bai sha ba a ranar? Sai da aka bi filin da sanda aka sami ramuka goma sha bakwai, sannan bakuna suka mutu. Madara ta iso a babbar mota bayan kwana tara. Wasu yaran ba su jira ta ba. Cikinsu har da ɗiyar Mairama, wata makiyayiya da takan gaishe shi kullum a hanyar rijiya.

Kafin damina kamfani ya soke hanyar Filingue, matuƙa sun koma biyu. Alhassan ya zo da salla a motar haya, kamar kowa. Ya juya hannuwan ubansa, ya dubi tabon ƙuna, ya ce, "Na ga hayaƙi, Baba, na kuma gan ka. Sai na gaskata ka."

Kailu ya ci gaba da cike ramuka a filin da jirgi bai sake sauka ba. Ɗansa yana raye, kuma Kailu bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Amma har ya koma ga Allah, in ya hango Mairama a hanyar rijiya, sai ya sake hanya.