Rijiyar da Ta Cike da Yashi

Ina tsugune ina wanke shinkafa na ji hannuna ya kasa ɗaga roba. Na miƙe, tsakar gida ta juya da ni, sai amai. 'Yan kwanaki ke nan da na zuba ƙwayoyin ƙiba a masai, don fuskata ta kumbura kamar alkubus, ƙafafuna kuwa suna nan kamar tsinke.

Yaya Falmata, 'yar baffana, ita ta kawo min su daga wani kemis. "Ke Hauwa, dubi wuyanki kamar na zalɓe. Bitamin ne fa kawai, sha ki ciko." Na sha wata da watanni.

A asibiti ana min ƙarin ruwa, likita ta jawo kujera. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan abu da ke yin sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da sukarin jiki. "Irinsa ne a cikin ƙwayar nan. Da jikinki ya ga ana kawo masa daga waje, sai ya daina yin nasa. Ke kuma kika yanke rana ɗaya, ba na waje, ba na gida."

"Likita, zai dawo?"

"Sai mun jira."

Nan na tuna Kaka. A Mamudo, bayan an gama girbi, takan tara mu bakin murhu tana gasa mana gyaɗa a toka. Hausarta da nauyin Ngizimanci a kai, mu yi ta kwaikwayonta, ta kai mana duka da ludayi. "Ga ta nan na sako, ku cafe," in ji ta. Mu ce mun cafe.

Wai wani gari ne mai rijiya guda, mai zurfi, igiya na cin hannun mata. Sai ga baƙo da jakuna ɗauke da salkunan ruwa mai sanyi, kullum safiya har ƙofar gida. Aka rataye guga. Iska ta yi ta zuba yashi a rijiya, ba mai leƙawa. Wata safiya baƙo bai zo ba. Yara suka fara faɗuwa don ƙishi. Dole waɗanda suka rage suka shiga kwasar yashi da ƙoƙo, yau kaɗan gobe kaɗan, har ƙasa ta yi danshi.

"To, wa ya kashe yaran?" in ji Kaka.

"Baƙo!"

"Kai, ku tafi can! Lalaci ne."

Allah ya jiƙan Kaka, amma yau ban yarda ba. Ni ba lalaci na yi ba. Dariya aka yi ta yi min a gidan biki har na tsani madubi. Baƙon ya san abin da yashi ke yi wa rijiya, mai kemis ma ya san abin da ke cikin ledar da ya ƙulla ba suna ba kwali. Har yanzu shagonsa a buɗe yake, 'yan mata na layi. Falmata kuwa ta zo dubiya da lemo, wai ni ce jikina bai karɓa ba. Na juya mata baya.

Abin da ya fi ƙona min rai, ƙwayar dai aka mayar da ni kanta, ana ragewa kaɗan-kaɗan don jikina ya farka. Duk wadda na haɗiya sai na tuna ƙoƙon nan. In jiri ya ɗan taɓa ni, sai in ce shi ke nan, rijiyata ta mutu.

Da aka gama ragewa, aka ɗebi jinina da sassafe aka aika gwaji. Ranar da sakamako ya dawo, likita ta dube ni ta yi murmushi.

"Hauwa, jikinki ya koma yin nasa. Kin fita hatsari."

Na fito na zauna a benci. Da Kaka na raye da na ce mata rijiya ta kawo ruwa. Sannan in ƙara mata: baƙo ne, Kaka. Mu yara mu ne da gaskiya.