Yaren da Balaraba Ta Ƙera wa Ayashe

A Madarunfa an yi wata mace, Balaraba matar Abarshi, a shekarun 1890, gab da Nasara su shigo ƙasar, lokacin da garin ke cikin kafi, namiji kuma ba ya zuwa gona mai nisa sai da kwari da baka. Ƴar siririya ce mai saurin ƙafa. Tuwo ma ba ta iya cinye shi a wuri ɗaya, sai ta yi loma a bakin murhu, ta yi wata a ƙofar ɗaki. Sana'arta kaɗin auduga da daddawa, amma ba da su ake tunawa da ita ba.

Ƴaƴa uku ta haifa, duka ukun suka koma kafin yaye. Sai yaro ya fara gane muryarta, ya fara ɓangale mata baki, sannan zazzaɓi ya zo ya ɗauke shi. Mutane suka ce wabi take yi. Maganin wabi kuwa kowa ya san shi: a nuna wa iskar da ke kwasar ƴaƴan cewa ba mai son su. Da ta haifi ta huɗu, mace, aka kai jaririyar juji aka ajiye, maƙwabciyarta Dije ta je ta tsinto ta kamar wata tsohuwar ƙwarya, aka raɗa mata suna Ayashe.

Abarshi ya ce, "To, ki kwantar da hankalinki. Ni ma haka aka yi mini, ga ni nan da gemuna."

Balaraba ta ce, "Maigida, na ukun ma an kai shi juji. Yana ina?"

Abarshi ya ɗauki fartanya ya fita.

Ita ta riga ta gano inda ta yi kuskure, ko dai ta ɗauka ta gano. Na ukun nan, a tsakar gida tana ce masa tsumma, tana ce masa kayan banza, amma da ta shiga ɗaki sai ta rungume shi tana kiransa ɗan lelenta. To da wane baki ta faɗa? Da Hausa. Masu bori da wane baki suke kiran iskoki? Da Hausa, kuma da Hausa suke amsawa. Ashe duk abin da take faɗa a ɗaki ana saurare.

Ta ce bari ta koyi Fulatanci wurin masu tallar nono, sai ta tuna akwai Bafilatana cikin iskoki. Buzanci? Akwai Buzu. Larabcin malamai? Akwai malaminsu su ma. Ba yaren da ya rage a duniya. Kuma ba za ta iya rainon ɗiya da zagi kaɗai ba, ranta ba zai ɗauka ba. Saboda haka ta ce ita za ta ƙera nata, yadda maƙeri ke ƙera lauje.

Da sauti ta fara. Duk wanda ke fita ta tsakanin haƙora kamar fito, irin na farkon "sha" da "zo" da "tsaya", ta zubar, don kowa ya san fito kiran iska ne. Masu ƙara kamar an karya kara, irin na "kai" da "ƙofa" da "tashi", su ma ta zubar, don suna tafiya nesa. Ta bar masu laushi, waɗanda ake faɗa leɓe kusan a rufe, waɗanda za ta iya faɗa bakinta na kan maɗigar jaririya.

Kowace kalma kuma sai ta gwada ta. Idan sun je wanki bakin tabki, sai ta tura Dije can gaba wajen wata giginya, ta faɗi kalmar, ta ɗaga hannu.

"Kin ji?"

"Na ji wani abu kamar kurciya!"

"To ba ta yi ba." Sai ta jefar, ta nemi wata.

Dije ta gaji, ta ce, "Ke Balaraba, wai mi kike hwaɗi ne? Wankina na can rana na ci, kin maishe ni gunki."

"Ba ruwanki, ƙawa. Ki dai tsaya."

"Allah shi sawwaƙe. Wasu wabi suke yi, ke har da taɓuwa."

A haka ruwa ya zama lumu, nono ya zama mabu, barci ya zama ambul. Idan abu ya ƙare, sai a rufe baki a ƙarshensa: lumum, ba ruwa ke nan. Idan abu da yawa, sai a ja shi: luumu, tabkin kansa. Abin da ake magana a kai shi ke fara zuwa, abin da ake so a yi da shi ya biyo baya, don yaro ya ji babban abu tun kafin hankalinsa ya tafi wani wuri.

Akwai abubuwan da ta ƙi ƙera musu kalma da gangan. Babu "gobe" a yarenta, babu "za ki girma", don ta lura duk yaron da ta yi wa maganar gaba bai kai gaban ba. Babu "tawa". Ita da ɗiyar kalma ɗaya ce, nam, ko da wani ya tsinci yaren ba zai san wace ce uwa wace ce ɗiya ba. Ta taɓa ƙera hanyar faɗin abin da ya wuce, ta yi amfani da ita ƴan kwanaki, sai ta ga tana jan ta zuwa zancen waɗanda suka koma. Ta cire ta. Kalmar da ta fi faɗa ita ce ulum, wato zauna, kada ki tafi.

Hankalinta dai bai kwanta ba. Idan ta faɗi kalma sai ƴar guguwa ta ratsa tsakar gida, shi ke nan, an ji wannan, sai ta sake ta. Sunan wuta kam ya sha sauyi har ita kanta wani lokaci sai ta tsaya ta tuna na yanzu. Tana kaɗi leɓenta na motsi, tana daka leɓenta na motsi. Ta daina zama cikin mata, ta goya Ayashe ta tafi itace ita kaɗai.

Sai ta ƙara wata dabara, wadda a lokacin ta ɗauka ita ce mafi kyau. Tana tsoron kada wani abu ya zo da siffar mutum ya ba yarinyar abin ci. Sai ta koya mata cewa ba a buɗe baki sai an ce ebem. Ta miƙa mata kunu ba ta ce komai ba, yarinyar ta kawo baki, uwar ta janye kunun. Ta ce ebem, ta ba ta. Kafin Ayashe ta fara tafiya, ko zuma ka ɗora mata a leɓe ba ka faɗi kalmar ba, sai ta datse haƙora.

Abarshi ya roƙa a koya masa ko kaɗan.

"Ɗiyata tana kallona kamar baƙon fatake. Na ba ta ƙuli-ƙuli ta juya mini ƙeya."

"Muryarka kamar ganga, maigida. Kana faɗa a nan, a ji a garin Ɗan Issa."

"Sai in yi raɗa."

"Raɗarka ce ke tashe ni daga barcin rana."

Ayashe kuwa ta yi haƙora, ta yi tafiya, ta yi gudu. Ta wuce inda duk ƴan uwanta suka tsaya. Lokacin yaye ya zo, Balaraba ta ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ta ce a bari a yanke gero. Ana cikin haka sai ta ga wata ya wuce ta, ciki ya shiga. Nonon mai ciki kuwa ba a barin yaro ya sha. Ba sauran jinkiri.

Aka aika garin Safo, Marka uwar Balaraba ta zo bisa jaki. Tsohuwa ce kakkaura mai yawan barkwanci, kunnenta ɗaya ya mutu tun tuni, ɗayan ma sai an yi da gaske. Al'ada ita ce kaka ta tafi da yaro gidanta, uwa ba ta zuwa, yaro ba ya ganinta har ya manta da nono.

Dije ta ja Balaraba gefe ta ce, "Ki koya wa Inna ko kalmar ci da sha."

"In koya mata, ta je ta faɗa a kasuwar Safo?"

"To yarinyar ta ci mi?"

"Yunwa za ta sa ta ci. Yaro ne."

 Marka ta goya jikarta tana cewa, "Taho, ƴar juji, mu tahi in ga ko kin hi uwarki hankali," suka tafi.

Balaraba ba ta zauna ba. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta wanke tukwanen da ke wanke. Ta fita ƙofar kafi ta dubi hanya, ta dawo, ta koma. Ba a yi kwanaki da yawa ba wani mai kai gishiri ya biyo da saƙo daga Safo: yarinya ba ta ci ba, ba ta sha ba, tun tana kuka har muryar ta dushe.

Ko gyale ba ta ɗauka ba. Abarshi ya saɓa kwarinsa ya bi ta yana haki, yana cewa ta jira a samu ƴan rakiya, ita kuwa tana gaba. Rana na tsaka suka isa.

Ba ta shiga gidan ba, don kada yarinyar ta gan ta yayen ya lalace. Ta tsaya bayan danga ta leƙa ta tsakanin kara. Ayashe na kwance bisa tabarma ƙarƙashin rumfa, leɓenta ya bushe ya tsattsage, idonta ya faɗa. Marka na durƙushe da ludayi, ga kunu, ga fura, ga ruwa, mata sun kewaye su, wata na cewa a ɗura mata, wata na cewa an gwada ta amayar. Yarinyar na motsa baki a hankali, lumu, lumu, amma da ludayin ya matso sai ta datse haƙora.

Abarshi ya shiga ya kira tsohuwar, ta zo jikin danga.

Balaraba ta sa baki tsakanin kara ta ce, "Inna, ki ce mata ebem."

"Mi?"

"Ebem."

"Ke ɗiyar nan, buɗe baki ki yi magana! Ina ganin leɓenki na motsi kamar na akuya."

Balaraba ta duba sama. Ga wata babbar tsamiya a bayan gidan, irin wadda ake cewa ba ta rasa masu zama. Ga iska na kaɗa ganyenta. Ga mata sun yi tsit suna saurare. Ta sake leƙawa, ta ga hannun Ayashe ya zame daga tabarma ya faɗi ƙasa.

Sai ta cika ƙirji ta ƙwala, "EBEM! Ki ce EBEM, Inna, sannan ki ba ta!"

Kaji suka watse. Marka ta ce, "To, ai da haka kika yi tun ɗazu," ta koma ta durƙusa, ta daka wa yarinyar kalmar kamar mai korar tsuntsaye a gona. Ayashe ta buɗe ido, ta dubi tsohuwar, ta buɗe baki. Ta shanye ludayi, ta shanye na biyu, ta kama ƙwaryar da hannu biyu.

Tunda abin ya fashe, Balaraba ta tsaya nan cikin rana tana ƙwala sauran, ɗaya bayan ɗaya, tana fassarawa da Hausa: wannan barci, wannan zafi, wannan ciwo, wannan goyo. Marka na maimaitawa tana karkata su, mata na gyara mata, yaran unguwa sun hau danga suna kwaikwayo. Kafin la'asar rabin Safo na ce wa juna lumum suna dariya. Balaraba na kuka tana faɗa, don a ganinta ta miƙa ɗiyarta da hannunta.

Suka bar Ayashe wurin kakarta suka koma. A gida kuma duk wanda ya shigo gari daga wajen Safo sai ta tare shi tun bai sauke kaya ba. Wata ya fita, wani ya kama, mugun saƙon da take tsoro bai zo ba. Abin da ya zo shi ne Marka bisa jakinta, da Ayashe a gaba ta yi kumatu, tana zuba Hausa irin ta Safo har da ashar ɗin da ta tsinta wurin kakarta. Ta sauka ta nufi ubanta, ta ce, "Baba, ba ni ƙuli-ƙuli." Abarshi ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga.

Ayashe ta rayu, ta yi aure a garin Sarkin Yamma, ta haifi ƴaƴa ta yaye su. Balaraba har ta tsufa ba ta yanke hukunci ba. Wata rana ta ce yaren ne ya ɓoye yarinyar har ta yi ƙarfi, wata rana ta ce shi ne ya kusa kashe ta. Wanda ke cikin Balaraba lokacin yayen nan ya zo namiji, aka kai shi juji kamar yadda aka saba, Dije ta tsinto shi. Da ta miƙa wa uwar shi, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"To, yaushe za mu bakin tabki? In san lokacin da zan bar wankina."

Balaraba ta daɗe tana duban jaririn, leɓenta na ɗan motsi. Sannan ta ce, da Hausa, yadda na tsakar gida za su ji, "Sannu da zuwa, ɗana."